Tashar jirgin Kaura Namoda: mu nemi a sake buɗe ta ko mu haƙura?

Malamin Kaura:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san aikin reluwe, da masu bin hanyar Kaura zuwa Gusau kullum irina.

Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Ofishinmu yana Gusau, iyalina da mahaifiyata suna Kaura Namoda, kuma a nan nake kwana. An sha ce mini in kama haya a Gusau in huta. Mai faɗin haka bai tambayi kuɗin ɗaki a Gusau ba tun da mutanen ƙauyuka suka fara gudowa cikin gari, kuma bai san abin da ke cikin barin tsohuwa mai ciwon ƙafa da yara ƙanana a hannun mace ɗaya ba. Ga 'yar gona da nake taɓawa da damina. Don haka ana idar da sallar asuba sai tasha, a cusa mu cikin Golf, biyu a gaba huɗu a baya, jakar aiki a kan cinya.

Da can ana jurewa. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce dubu, kuɗin mota yana neman kamo kuɗin cefane a gidana. Abokan aikina da dama sun koma leƙa ofis kwana biyu ko uku a mako. Wanda bai sani ba sai ya ce lalaci ne, alhali in suka je kullum albashin ba zai kai tsakiyar wata ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ga tashar jirgin ƙasa nan a garinmu, ga dogo a shimfiɗe ya miƙe har Gusau, ba abin da ke bin sa sai awaki. Wannan layi daga Zariya ya taso, ya bi Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya iso Kaura a 1929, kuma a nan ya tsaya. Sakkwato da Birnin Kebbi har yau ba su taɓa jin kukan jirgi ba, mu kuwa kakanninmu sun ji shi tun zamanin Turawa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jirgi ya fara zuwa Legas. 'Ya'yana ba su taɓa ganin jirgi yana tafiya ba sai a waya.

Mu 'yan safiya da muke haɗuwa a tasha mun daɗe muna zancen, har muka ce bari mu rubuta takarda zuwa ga gwamnatin jiha da wakilanmu na majalisa. Abin da muke so bai da yawa. Ba jirgin Legas muke nema ba, ba kuma irin na Abuja mai sanyi ba. Kan jirgi ɗaya da tarago uku ko huɗu, ya tashi Kaura da sassafe ya isa Gusau kafin takwas, ya dawo da yamma kafin magariba. Kuma in an sa ya juyo da safe ba zai dawo wayam ba, don malaman kwalejin fasaha ta tarayya da ke nan Kaura da yawansu a Gusau suke zaune, su kullum mu kan yi kiciɓis da su a hanya, muna tafiya suna zuwa.

Sai dai kanmu ya rabu. Wasu na cewa ɓata takarda ne, gara mu roƙi motocin bas masu rahusa, abin da gwamna zai iya saya gobe in ya ga dama. Wasu na cewa da halin tsaron da ake ciki, tara mutum ɗari biyu a abu ɗaya a bi da su ta daji ganganci ne. Ni ina cikin masu son jirgi, ba zan ɓoye ba, amma ba na son mu kai takardar da za a yi mana dariya. Layin zai iya ɗaukar jirgi kuwa? Wa ke da ikon buɗewa, Abuja ko Gusau? Kuma in an buɗe, zai ɗore?

Tsohon Helluma:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ya karanta mini zancenka, shi ne kuma ke rubuta wanga. Aikin reluwe na yi tun ina saurayi har na aje, daga lebura har na zama helluma, wato shugaban leburori, kuma mafi yawan shekarun a wanga layi na yi su.

Kun ce a buɗe tasha. Tasha ba ita ce magana ba. Ka ba ni tsintsiya da fenti da kafinta ɗaya, cikin mako guda in buɗe maka tasha, in aje benci, in rataya ƙararrawa. Jirgi ba bisa tasha yake tafiya ba, bisa dogo yake tafiya, kuma dogo abu ne mai son a duba shi kullum. A zamaninmu an raba layin gunduwa-gunduwa, kowane helluma da yaransa da nasu rabo. Da safe mutum ɗaya zai taka rabon nan da ƙafa, guduma da sifana a kafaɗa, shina bugun ƙarfe shina saurare. Ƙarfen da ya saki kukansa daban. In kusa ta kwance a ɗaure, in tsakuwa ta zube a mayar, in ciyawa ta taso a nome. Da damina kuwa ba mu barci in anka yi ruwa mai ƙarfi, sai mun fita da fitila mun duba kwalbatoci da gadoji, don ruwa kan kwashe ƙasar ƙarƙashi ya bar ƙarfe a rataye. Daga nesa ka ga layi lafiya lau, jirgi na hawa ya kife.

To ka lissafa damina nawa ta wuce ba wanda ya yi wanga aiki. Zamanin Jonathan an ba da kwangilar gyaran layin daga Zariya har Kaura, munka yi murna, amma gyara in ba a bi shi da kulawar yau da kullum ba, ruwa biyu uku ya mayar da shi inda ya fito. Ga 'yan gwangwan. Su ba dogon suke fara ɗauka ba, ya yi musu nauyi kuma ana gani. Kusoshi da maɗaurai suke kwancewa, abin da ke shiga buhu. Kai da ke wucewa a mota za ka ga ƙarfe biyu sun miƙe ka ce layi na nan, alhali ba abin da ke riƙe da su. Ga waɗanda sunka yi gini ko sunka faɗaɗa gona har gindin layi, su ma ranar da anka ce jirgi zai dawo sai an sha rigima da su.

Abu na biyu da ba ku sa a lissafi ba: kan jirgin ta ina zai zo? Ma'aikatar gyara da manyan ofisoshin wanga yanki a Zariya suke. Kai ba ya saukowa daga sama a Gusau. Sai ya biyo Funtuwa da Tsafe, kuma duk lokacin da ya nemi babban gyara sai ya koma. Ke nan ba za ka raya tsakanin Kaura da Gusau kaɗai ka bar sauran a mace ba. Wanda ya ce maka guntun layi zai gyara, bai san aikin ba ko kuwa ƙuri'a yake nema.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya fi shafarka. Kada tsofaffi irina su ruɗe ku da daɗin baki, jirgin Kaura bai taɓa zama jirgin ma'aikata ba. Jirgin kaya ne da anka liƙa wa taragon mutane. Gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi da shanu, su sunka sa Bature ya kawo dogo nan, su ke biyan albashinmu, don haka in ana lodi fasinja sai ya jira. Wanda zai tafi Zariya ko Ikko bai damu da jinkirin awa biyu ba, ya shimfiɗa tabarma ya sayi rake. Kai kuwa in jirgi ya makara rabin awa sau uku a jere, ran na huɗu kana cikin Golf. Da anka yi fari a 1973, cuta ta bi gyaɗa a 1975, tireloli sunka cika hanya, kaya sunka bar dogo, daga nan layin ya fara mutuwa. Ba fasinja ya gudu ba, kaya ne sunka gudu.

Duk da haka ban ce ku yi shiru ba. Akwai wani ƙaramin layi da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, anka rufe shi a 1957, anka kwashe ƙarafan. Yau ko wurin da ya bi sai tsoho ya nuna maka. Layin da ba mai tambayarsa haka yake ƙarewa. Ku rubuta, amma ku nemi a zo a taka layin da ƙafa a faɗa muku gaskiyar halin da yake ciki, kada ku nemi fenti.

Direban Golf:

Malam, wataƙila ma ni nake ɗauko ka wata safiyar. Za a ce abincina nake karewa, to a ce, amma ku ji.

Mutanen da kuke gani da asuba su ne ke nan. Daga bayan sallah zuwa wajen bakwai da rabi mota na cika nan da nan. Tara na yi, sai ka ga direba ya kashe mota yana jiran mutum biyu har rana ta take. Ku ma'aikata kuna ganin kuna da yawa ne saboda lokaci ɗaya kuke fitowa. In an kwashe ku duka an zuba a tarago, anya za ku cika biyu? Ranar Juma'a fa, da Asabar da Lahadi, da lokacin da kwaleji ta tafi hutu? Ni in babu fasinja na ajiye mota, ban ƙona ko lita ɗaya ba. Jirgi kuwa ko mutum goma ne sai ya tashi, in bai tashi ba kun daina yarda da shi.

Sannan ni ina sauke ka kusa da inda za ka. Wani ya ce a tsaya a shatale, wani a bakin asibiti, wani a kwanar sakatariya. Jirgi wuri ɗaya zai zube ku, daga nan kowa ya nemi kabu-kabu ko keke napep, safe da yamma. Ku haɗa wannan da kuɗin tikiti kafin ku ce ya fi araha.

Amma duk wannan ƙarami ne a kan maganar tsaro. Mu direbobi waya muke yi wa juna. In na gaba ya ga abin da bai gane ba, ko ya ga motoci sun daina fitowa daga ɗaya ɓangaren, cikin minti biyu duk mun ji, mu tsaya a gari mafi kusa ko mu juya. Na sha juyawa da fasinja suna zagina, daga baya su yi ta godiya. Jirgi ba ya juyawa. Lokacin tashinsa a rubuce yake kowa ya sani, hanyarsa ɗaya ce, kuma akwai wuraren da layin ya rabu da kwalta ya shiga inda babu shingen jami'ai ko ɗaya. Ba sai an tare shi ba ma, ƙarfe ɗaya za a kwance. Kun manta 28 ga Maris 2022? Jirgin Abuja zuwa Kaduna, sabon layi, na manyan mutane, aka dasa masa bam, aka kashe mutane, aka kwashi fiye da sittin aka shiga da su daji, wasu sai da suka yi wata shida a can. Jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. In an yi wa wannan haka, wa zai tsare na talakawan Kaura?

Ni a ganina ku nemi bas. In gwamnati ta sa manyan motoci biyu da safe biyu da yamma a farashi mai sauƙi, matsalarku ta ragu cikin wata guda. Mu ma ba za mu mutu da yunwa ba, masu sauri za su ci gaba da neman mu.

Maman Khalifa:

Malam Direba, Allah ya tsare hanya, amma lissafinka na mazan da ke zuwa tasha ne kawai. Waɗanda suka daina zuwa fa? Ni ina sarin atamfa da kayan yara a Gusau in sayar a gida. Da nakan je duk mako, yanzu sai in haɗa kuɗi in ba wata ta sayo mana mu huɗu, don kuɗin motata da na kaya sun cinye ribar. Ku kanku kun san yadda kuke yi mana, a biya kuɗin kujera a biya na ƙunshi, in buhu ne a yi ciniki kamar za a sayi motar. Mata irina suna da yawa, ba ka ganinmu ne saboda muna gida.

Ga marasa lafiya. Ina kai surukata babban asibitin tarayya na Gusau ganin likita. Tsohuwa mai ciwon baya, a matse ta tsakanin mutum uku, kowane rami sai ta yi salati. Dole in sayi kujera biyu, wani lokaci uku. Da jirgi ne ta miƙe ƙafa, ga makewayi in ta matsu. Kuma ba mu kaɗai ba ne, mutanen Zurmi da Shinkafi da Birnin Magaji da yawa ta Kaura suke biyowa in za su Gusau.

Maganar tsaro gaskiya ce, ba na musu. Sai dai yadda ka faɗe ta kamar a mota lafiya muke. Wace mace ce a garin nan ba ta riƙe carbi tun daga fita har isa? Mu da muka ga Satumbar 2021, aka kashe layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, a lokacin wa kuke kira ya gaya muku halin hanya? Ni dai tsoro ina cikinsa ko ta ina na bi. In za a sa jami'ai a jirgi ɗaya, ya fi sauƙi a kan a tsare motoci hamsin da ke warwatse.

Malam mai tambaya, in za ku rubuta ku sa a ware tarago ɗaya na mata, ku kuma sa na kaya. Kada ku rubuta takardar ma'aikata zalla. Mu ba ruwanmu da ƙarfe takwas, in jirgi zai je ya dawo a yini ɗaya ya ishe mu.

Ɗan Tsafe a Zariya:

Baba Helluma ya gama magana a kan layi, Allah ya ƙara lafiya. Bari in taɓa tambayar wa ke da iko.

Layin da tashoshin duk na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne, wadda aka kafa a 1955. Da can jiha ba ta da ta cewa ko kaɗan. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga abubuwan da tarayya kaɗai ke yi, yanzu jiha ma na iya shiga. Wannan bai mayar da tashar Kaura ta gwamnatin Zamfara ba, amma ya toshe bakin mai cewa ba huruminmu ba ne. Hanya mafi kusa ita ce jiha ta zauna da hukumar, ita ta kawo kai da taragai da ma'aikata, jiha ta ɗauki wani kaso na kuɗi. Filato ta bi wannan hanya aka dawo da jirgi tsakanin Jos da Bukur a kan tsohon layi. A Legas ma an daɗe ana jigilar ma'aikata safe da yamma daga Iddo zuwa Ijoko a kan irin dogon namu. Ke nan tsufan layi ba shi ne cikas ba.

Abin da ya kamata ku sani shi ne faɗin dogo iri biyu ne yanzu a ƙasar nan. Namu tsohon milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sababbin, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021, milimita 1,435 ne. Jirgin wancan ba ya hawa wannan. Kuɗi da hankalin tarayya duk sun koma kan sabon, har da wanda ake ginawa daga Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya, nan maƙwabtan Zurmi, ya bar mu a gefe. Kawunan da suka rage na tsohon layi kaɗan ne kuma ana rububinsu. In an ba ku ɗaya ba tare da na ko-ta-kwana ba, ranar da ya lalace jirgi ya tsaya ke nan sai yadda hali ya yi.

Kuma kada kowa ya ce muku tikiti zai riƙe shi. Jirgin ma'aikata kusan ko'ina a duniya gwamnati ke cika masa. Tambayar da za ku yi wa jiha ita ce ko za ta sa kuɗin mai da albashin masu duba layi da na tsaro a kasafin kowace shekara. In babu wannan, abin da za ku samu na san shi: a shafa wa tasha fenti, a kawo jirgi ranar buki, a yanka ƙyalle, 'yan jarida su ɗauki hoto, bayan zaɓe shiru.

Roƙona ɗaya, ku sa Tsafe a ciki. Mu ma muna da tasha, muna da masu zuwa Gusau kullum, kuma hanyarmu kun san halinta. Tunda dole kan jirgi ya bi ta wajenmu, takarda ɗaya daga garuruwa biyu ta fi nauyi.

Malamin Kaura:

Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin da zan kai wa mutanenmu.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara nisan kwana. Maganar a taka layin da ƙafa ita za mu sa a farko, kuma za mu nemi a bayyana sakamakon a fili, kowace gada da kowane kwalbati, don kada a ce mana an duba alhali daga cikin mota aka leƙa. Za mu ƙara da roƙon a hana gini a filin layin tun yanzu, wannan ba ya cin ko sisi. In jikanka zai taimaka, muna son ka faɗa mana wuraren da ruwa ya saba ɓarna tsakanin nan da Gusau, mu rubuta su da sunansu.

Malam Direba, batun bas na karɓa, za mu sa shi a matsayin abin da muke so a bana. Amma ban yarda ya maye gurbin jirgi ba. Mun ga motocin gwamnati iri-iri a jihar nan, kowace gwamnati da nata fenti, shekara biyu uku sai ka gan su a jere a bayan gareji babu tayu. Kuma bas ɗin ma a kwalta ɗaya zai bi da kai, ramin da ka faɗa shi zai faɗa. Inda maganarka ta tsaya mini a rai shi ne wuraren da layin ya rabu da hanya. Ban da amsar wannan, kuma ba zan sa hannu a takardar da ta ce a fara jigilar mutane kafin a amsa shi ba. Wataƙila a fara da kaya, hatsi da siminti da taki, a ga yadda za ta kaya kafin a ɗora rai. Hakan ma ya zo daidai da abin da Baba ya ce, kaya ne ke riƙe layi.

Game da yawanmu kuwa, kai ka ce ba za mu cika tarago biyu ba, Hajiya Maman Khalifa ta ce ba ka ƙirga na gida ba. Maimakon mu yi ta ja, ku 'yan yuniyon kuna da littafin da kuke rubuta kowace mota da ta tashi. In shugabanninku za su yarda mu duba na wata ɗaya, har da ranakun kasuwa da lokacin da kwaleji ke karatu, sai mu san inda muka tsaya. In lissafin ya nuna ba mu kai ba, ni da kaina zan faɗa a nan. Hajiya, ke kuma ki tattaro mana sunayen mata masu sari da za su sa hannu, taragon mata da na kaya sun shiga.

Ɗan'uwa na Tsafe, mun yarda a haɗa. Ka nemo mana mutum biyu daga wajenku da za mu riƙa magana da su, zai fi kyau in akwai tsohon ma'aikacin reluwe a ciki. Za mu zauna ranar Asabar bayan la'asar mu tsara takardar, kuma muna neman wanda ya san yadda aka rubuta yarjejeniyar Filato, ko da a taƙaice ne, musamman wa ke biyan kuɗin mai da wa ke biyan masu gadin layi.